SHARHI: Tiyatar haihuwa kyauta da batun zaren da za a yi ɗinkin da shi

A watan Nuwamban 2024 ne Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da cewa Gwamnatin Tarayya za ta riƙa ɗaukar nauyin tiyatar haihuwa ga mata marasa galihu. Watanni kaɗan kafin haka, Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, ta ƙaddamar da shirin yi wa masu yoyon fitsari aiki kyauta. Duk wanda ya taɓa ganin maigida yana zagaye asibiti da takardar kuɗin aiki a hannu, matarsa na kwance cikin doguwar naƙuda, ya san darajar waɗannan alƙawura. Sai dai biyan kuɗi mataki ɗaya ne. Abin da zai yanke hukunci kan makomar matar yana faruwa ne bayan an rufe ƙofar ɗakin tiyata: wane hannu ne ya riƙe allurar, kuma da wane zare aka yi ɗinkin.

Ɗinki a cikin rami

Ɗinkin cikin jiki ya sha bamban da na fata. Likita ba ya riƙe allurar da yatsunsa. Allura ce lanƙwasasshiya kamar jinjirin wata, an manne mata zaren tun daga masana'anta, ana kama ta da wani dogon hantsaki mai makulli, ana juya wuyan hannu don ta ratsa nama ta fito. A aikin yoyon fitsari, ramin da za a toshe yana tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa, wuri mai zurfi da ƙunci, wani lokaci a bayan ƙashin mara. Dole a buɗe wurin da ƙarfen buɗawa, a haska shi da fitila mai ƙarfi, a raba bangon mafitsara da naman da ya manne masa ta amfani da almakashi mai lanƙwasa, har bakunan ramin su haɗu ba tare da an ja su da ƙarfi ba. Ɗinkin da aka yi da ja, warwarewa yake yi. Bayan an gama, sai a ɗura ruwa mai launin shuɗi a mafitsara don a ga ko akwai inda yake tsiyaya, sannan a bar robar fitsari a jiki. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar robar kwana 7 zuwa 10 idan ramin mai sauƙi ne.

Zaren kuwa dole ya zama mai narkewa da kansa, domin zaren da ba ya narkewa, idan ya zauna a mafitsara, tsakuwa kan taru a kansa.

Daga hanjin dabba zuwa zaren masana'anta

Wannan matsala daɗaɗɗiya ce. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba da ya rasu a wajajen 1013, ya zana kayan tiyata kusan 200 a littafinsa At-Tasrif, ya kuma yi bayanin ɗinkin ciki da zaren da aka murza daga hanjin dabba, wanda jiki ke narkarwa. A Amurka, James Marion Sims ya yi nasarar toshe yoyon fitsari da wayar azurfa a 1849 a jihar Alabama, amma bayan ya shafe shekaru yana gwaji a jikin bayi mata baƙar fata ba tare da kashe musu zafi ba. Ɗaya daga cikinsu, Anarcha, an yi mata aiki kusan sau 30. A 2018 mahukuntan birnin New York suka cire mutum-mutuminsa daga babban lambun birnin. A shekarun 1970 ne aka fito da zaren masana'anta masu narkewa, irin su Dexon da Vicryl. Zaren Vicryl yana riƙe da akasarin ƙarfinsa har mako biyu, lokacin da nama ke haɗewa, sannan ya narke gaba ɗaya cikin kwana 56 zuwa 70.

Arewacin Najeriya na da nata babin a wannan tarihi. A farkon shekarun 1980, likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara aikin yoyon fitsari a asibitin kutare na Babbar Ruga da ke Katsina, ya yi wa dubban mata aiki, ya horar da likitoci daga ƙasashe da dama. Ya kuma nuna cewa idan aka sa wa mace robar fitsari da wuri, ƙaramin rami kan iya rufewa ba tare da wuƙa ba. Yau Babbar Ruga cibiya ce ta ƙasa, tare da ta Ningi a Bauchi da ta Abakaliki a Ebonyi. Akwai cibiyar Laure a Kano, da aikin ƙungiyar MSF a Jahun, da cibiyar Danja kusa da Maraɗi a Nijar.

Inda gizo ke saƙa

Yawancin yoyon fitsari daga doguwar naƙuda yake: kan jariri ya danne mafitsara a jikin ƙashi na tsawon lokaci, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu ya huje. Maganin hakan shi ne tiyatar haihuwa a kan lokaci, don haka shirin gwamnati ya kama hanya. Amma likitocin wannan fanni sun daɗe suna jan hankali cewa ana ƙara ganin yoyon da tiyatar ce da kanta ta jawo shi. Mafitsara na kwance ne a gaban ƙasan mahaifa, daidai inda ake yanka. Idan ba a ture ta ƙasa da kyau ba, ko jini ya ɓalle likita ya shiga ɗinki cikin gaggawa a ƙarƙashin hasken da bai wadatar ba, allura na iya haɗawa da bangon mafitsara ko bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda. Mace ta tsira da ranta, ta koma gida da lalurar da kan raba ta da miji da zaman jama'a. Ƙara yawan tiyata ba tare da ƙara ƙwarewa ba, gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Ƙwarewar kuwa tana zurarewa. Ministan da kansa ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan. Kwamitin mujallar Lancet kan tiyata ya ƙiyasta a 2015 cewa kowane mutum 100,000 na buƙatar aƙalla ƙwararru 20 a fannonin tiyata, haihuwa da kashe zafi, kuma Najeriya na nesa ƙwarai da wannan ma'auni. A babban asibitin ƙaramar hukuma, sau da yawa ƙaramin likita guda ne ke karɓar naƙudar da ta gagara da tsakar dare, babu babba a kusa da zai duba hannunsa.

Sai batun kaya. Akasarin zaren tiyata daga waje ake shigo da shi, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 tsadarsa ta bi ta dala. Inda ake rubuta wa dangi jerin kaya su sayo a kyamis, aljihunsu ne ke zaɓar zaren. Umarnin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2024 na janye haraji kan injuna da kayan haɗa magunguna da kayan asibiti an tsara shi ne don ƙarfafa masana'antun cikin gida, kuma masana'anta ba ta tsayawa dare ɗaya.

Abin da ya kamata a auna

A tiyatar yoyon fitsari, aikin farko shi ne mafi damar nasara, domin kowane ɗinki da ya warware yana barin tabo mai tauri da ke wahalar da na gaba. Saboda haka adadin matan da aka yi wa aiki bai isa ma'auni ba. Ya kamata NHIA da ma'aikatun lafiya na jihohi su riƙa bayyana mata nawa ne suka koma gida a bushe, nawa aka sake yi wa aiki, nawa ne kuma suka samu yoyon bayan tiyatar haihuwa. Ya kamata kuɗin da ake biyan asibiti ya ƙunshi ingantaccen zare, da fitila, da na'urar dafa kayan aiki, hukumar NAFDAC kuma ta sa ido kan zaren da ke kasuwa. Duk asibitin da za a saka cikin shirin, a tabbatar likitocinsa sun samu horo a hannun ƙwararru irin na Katsina da Kano.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa 2030 a matsayin wa'adin kawar da yoyon fitsari, ana kuma tuna batun kowace ranar 23 ga Mayu. Alƙaluman da za a karanta a irin waɗannan taruka ba za su yi ma'ana ba sai sun faɗi halin da matan suke ciki watanni bayan an sallame su.