Masu montaj, ku bar ja wa mutane fuska

Yau maganarmu da masu haɗa bidiyo ce, tun daga mai kamara na gidan biki har yaron da ke montaj a wayar salula. Sau nawa aka turo muna bidiyon ɗaurin arme muka tarar amarya ta yi faɗi kamar an danne ta, ko liman ya yi tsawo kamar gora? Sai a ce waya ce ba ta da kyau. Waya ba ta da laifi, wurin fitar da bidiyon aka ɓata shi.

Kowane bidiyo da ma'auninsa na faɗi da tsawo. Tsohuwar tele, kaset da faifan VCD duk 4:3 ne. Tele ta yanzu da YouTube 16:9 ne, misali 1920 a faɗi, 1080 a tsawo. TikTok da status na WhatsApp kuwa a tsaye suke, 9:16. In ka ɗauki hoton 4:3 ka ja shi dole sai ya cika allon 16:9, ka ƙara wa kowa kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa. Maganin ba wuya: a HandBrake ko CapCut ka bar hoton da ma'auninsa na asali, baƙin fili ya fito dama da hagu. Shi ke nan.

Amma mu faɗi gaskiya, mu masu kallo ma muna da hannu a ciki. Da mun ga baƙin filin nan sai mu ce mai montaj bai iya aiki ba, shi kuma don kar ya rasa ciniki sai ya ja hoton. To abin da ke damunmu shi ne tsofaffin kaset da ake maidawa cikin waya: bikin iyaye, wa'azin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, kokowar da aka ɗauka daga Télé Sahel shekaru da dama. Kaset yana lalacewa da zafi da ƙura. Ranar da ya mutu, kwafin da aka ja shi kaɗai zai rage, kuma da wannan fuskar jikoki za su san kakansu. Baƙin fili bai rage wa kowa komai ba.

Yanka ma haka. Bidiyon da aka ɗauka a kwance, in aka yanke shi ya koma a tsaye, wajen kashi biyu cikin uku na faɗinsa ya tafi. A kokowa sai ka ji fili ya ɗauki ihu, kai kuma rairayi kawai kake gani, kayen ya faru a gefen da aka yanke. Tun kafin ka danna kamara ka san inda za a kalli abin.

Sai matsala ta biyu, bidiyon da ya ƙi buɗewa, ko murya ta fito babu hoto. A nan mutane da yawa ke ruɗewa da sunan MP4. MP4, MOV da MKV buhu ne kawai, abin da ke cikin buhun shi waya ke karantawa. Tun 2017 iPhone ta fara ɗaukar bidiyo da tsarin H.265, wanda ke rage nauyi sosai, sai dai ƙananan wayoyi da tsofaffin tele da yawa ba su gane shi. Wasu sai su goge .mov su rubuta .mp4, wai sun gyara. Ka rubuta shinkafa a buhun hatsi, in an kwance hatsi za a tarar. Sai an sake juya bidiyon gaba ɗaya: buhu MP4, hoto H.264, murya AAC. H.264 tun 2003 yake, shi ya sa kusan kowace na'ura ta san shi, har wayar gwaggo da ke ƙauye.

Kar kuma a manta, kati ko kle ɗin da ke kan tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya wuce jiga 4, ko da akwai wuri. Ba karya ya yi ba, a raba bidiyon biyu.

WhatsApp shi ma yana matse bidiyo duk lokacin da aka tura shi yadda aka saba. Mai son ya isa yadda yake, ya tura shi a matsayin dokima, ko da zai ci mega, ko a haɗu a tura ta Xender.

Ku kuma masu biki, kuɗinku ne. Kafin ku cika wa mai kamara sauran jikkunansa, ku buɗe bidiyon a ƙaramar waya, ku sa shi a tele, ku dubi fuskar wanda kuka sani da kyau. Sannan ku ce ya ba ku na asali, wanda bai taɓa bi ta WhatsApp ba, ku ajiye shi wuri biyu.