Yaushe Fim ɗin Shaihu Umar Zai Shigo Gidajenmu?

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, Allah ya gafarta masa.

Tun da masanan cibiyar Arsenal ta Jamus suka gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018, muke sa rai za a fitar da shi a faifai, domin al'ummar da aka yi shi da harshenta ita ta fi cancanta ta gan shi. A zatona mas'alar haƙƙin mallaka ce za ta yanke hukunci, gama dokar Nijeriya tana kare fim shekara 50, amma littafi sai shekara 70 bayan wafatin marubucinsa, watau 2036 ke nan, saboda haka izinin masu haƙƙin littafin wajibi ne.

Ina kira ga Hukumar Fina-finai da ke Jos ta nemi wannan izini, ta fitar da faifan.

Wassalam,
Mai karatunku daga Bauchi