Kada A Goge Anini, A Gyara Haske



Kwanan baya wani dattijo ya kwance mini ƙullin tsofaffin kuɗinsa, ga anini da ɗari da kwabo masu huda, ga kuma sule, irin waɗanda aka yi ta kashewa kafin Naira ta fito ran 1 ga Janairu, 1973. So yake a ɗauki hotonsu ya aika wa wani mai saye. Don su fito fes, sai ya dirje rabinsu da toka da lemon tsami. Kaico! Masu tara tsofaffin kuɗi ba sa son gogagge, domin guga tana kankare zane, tana barin ƙarzuwa, daraja kuwa ta faɗi har abada.

Abin da ke ɓata hoton kuɗi ba dauɗa ba ce, ƙyalli ne. Ƙarfe tamkar madubi yake. In hasken kyamara ya faɗa masa kai tsaye, kai tsaye zai komo cikin idonta, sai ka ga farin tabo ya rufe shekarar da aka buga kuɗin, alhali kuwa ita mai saye yake fara dubawa.

Maganin abin ba wuya. Kashe fitilar kyamara ko ta waya. Shimfiɗa baƙin ƙyalle kusa da taga da hantsi, ka rataya farin mayafi a tagar don hasken ya yi laushi. Haske ya zo daga gefe, domin 'yar inuwar da yake jefawa ita ke fito da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabcin da ke jikin anini. In ɗaya gefen ya yi duhu, jingina farar takarda ta maido masa haske. Ɗora wayar bisa littattafai, ta leƙo kuɗin daga sama sosai, kada hannu ya yi rawa. Riƙe kuɗin ta baki-baki, ka ɗauki gaba da baya.

Amma a lura, shekara ma takan ruɗi mutum. Liyari, wato dalar azurfa ta Mariya Tariza, 1780 ke jikinsa ko da an buga shi shekaru ɗari bayan nan.

Abin da kaka ya bari amana ce. Hoto in ya ɓaci a sake wani, amma zanen da toka ta cinye ya tafi ke nan.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.