Sabon Ɗaki, Tsohuwar Waya: Kuskuren da Ke Cinye Gidaje

Abu ne sananne a garuruwanmu cewa gida ba ya gama ginuwa. Yau an ƙara ɗaki domin amarya, gobe an fitar da shago a ƙofar gida, jibi kuma an tayar da ɗakin girki a bayan tsakar gida. Maigida yakan kashe kuɗi masu yawa a kan bulo da siminti da kwano, amma da zarar an zo maganar wuta sai ya ce a jawo masa ita daga soket ɗin da ya fi kusa. Wannan dabara ta jawo wuta daga tsohon soket kuskure ce babba, kuma sabon ɗaki ya cancanci layinsa na kansa tun daga akwatin rarraba wuta.

Dalili na farko shi ne zafi. Kowace waya tana da iyakar wutar da za ta iya ɗauka, gwargwadon kaurinta. Bisa tsarin da Nijeriya ta gada daga Ingila, ana jan layin soket da wayar jan ƙarfe mai kaurin 2.5, ta fitilu kuwa da mai kaurin 1.5. Idan layin soket ya fita daga akwati ya zagaya ɗakuna ya komo, wato tsarin zobe, akan kare shi da makatsar wuta mai amfiya 32. Idan kuwa ya miƙe ya tsaya a soket na ƙarshe, amfiya 20 ce ƙa'idarsa. An fito da tsarin zobe a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu domin tsimin jan ƙarfe, tare da filogin nan mai ƙafa uku da fis a cikinsa, wanda ya bayyana a 1947. A wannan tsari, reshen da aka cira daga zobe ba tare da fis nasa ba, soket guda kawai aka yarda ya ciyar.

To, a duba abin da ke faruwa a ɗakin amarya. Dutsen guga na cin wat 1,000, hita na cin 2,000, murhun lantarki kuma 1,500. Jimilla wat 4,500 ke nan, wanda a kan wuta mai ƙarfin bolt 230 ya kusa amfiya 20. Idan siririyar wayar fitila aka jawo, ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfinta. Makatsar da ke akwati kuwa ba za ta motsa ba, domin sai wuta ta haura amfiya 32 take sanin akwai matsala. Kimiyya ta tabbatar da cewa idan wutar da ke bin waya ta ninka sau biyu, zafinta kan ninka sau huɗu. Haka robar za ta yi ta gasuwa a cikin silin, wata da watanni, har ranar da za ta kama katako cikin dare.

Dalili na biyu ya shafi jikin ɗan Adam kansa. Fiye da rabin jikin mutum ruwa ne mai gishiri, saboda haka wuta na ratsa shi cikin sauƙi. Busasshiyar fata ce kaɗai garkuwarsa, kuma da zarar ta jiƙe da gumi ko ruwan wanka, garkuwar ta faɗi. Jijiyoyi da tsoka suna aiki ne da 'yar wutar da jiki ke samarwa, ita ce ma ke tsara bugun zuciya. Idan baƙuwar wuta ta kai kimanin miliamfiya 10 zuwa 15, tsokar hannu kan ƙanƙame har mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe. Idan ta haura miliamfiya 30 ta ratsa ƙirji, tana iya rikita zuciya ta koma karkarwa maimakon bugu, jini ya daina kaiwa ga ƙwaƙwalwa. Wannan adadi bai kai kashi ɗaya cikin dubu na abin da makatsa mai amfiya 32 ke jira ba. Ashe makatsar waya take tsaro, ba rai ba.

Abin da ke tsaron rai abu biyu ne. Na farko wayar ƙasa, wadda ke bai wa wutar da ta zube a jikin firji ko hita hanyar sauka cikin ƙasa. Abin takaici, ita ce ake fara yankewa a lissafi domin rage kuɗi, a bar ramin soket na sama fayau. Na biyu na'urar gano yoyon wuta mai miliamfiya 30, wadda ke auna wutar da ta fita da wadda ta komo, ta katse layin cikin ƙiftawar ido idan ta ga giɓi.

Wani zai ce kuɗin sabon layi ya yi yawa ga talaka. Gaskiya ne wayar kirki na da tsada, shi ya sa kasuwa ta cika da ta jabu, wadda aka shafa wa jan ƙarfe a bisa alminiyam. Amma araha ba ta ado, kuma kuɗin waya bai kai na kayan ɗakin amarya ba, balle ranta. Wani kuma zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ai wanda ya binne siririyar waya a silin, shi ya sa wa tsautsayin rana da hannunsa.

Saboda haka, kafin a yi yaɓe, ya kamata maigida ya nemi ƙwararren mai wayarin, ya lissafa masa kayan wutar da za a kunna a ɗakin, sa'an nan ya nemi a gwada layin da na'ura kafin a saki wuta. A Nijeriya, dokar 2015 ta ɗora wa hukumar NEMSA alhakin duba irin wannan aiki. Duk da haka, mai duba na farko shi ne maigida, domin iyalinsa ne za su kwana a ƙarƙashin wannan silin.