Zuwa Ga Iyayen Yara: Maganar Ɗakin Zane

Ya ku iyayenmu na Anka da Gummi da Bukkuyum! Mu malaman da ke kula da darasin zane-zane ne muka roƙi wannan fili a littafin shekara, domin akwai maganar da muka daɗe muna so mu yi da ku, taron iyaye da malamai kuwa kullum batun kuɗin makaranta ke cinye lokacinsa.

Duk shekara idan yara suka gama aji uku na ƙaramar sakandare suka zo zaɓen darussa, sai mu ga waɗanda hannunsu ya fi kyau sun rubuta zane-zane a takarda, bayan hutu kuma su dawo sun soke shi. In ka tambayi yaro, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba ya ce ba don wasa da fenti aka kawo ni nan ba." Ba mu ga laifin Baba ba. Wanda ya sayar da buhun dawa ya biya kuɗin makaranta, dole ne ya tambayi inda kuɗinsa ke tafiya. Laifin namu ne, da ba mu taɓa buɗe muku ƙofar ɗakin kun ga abin da ake yi ciki ba.

To, ga abin da ake yi. A zangon farko yaro ba ya ma taɓa fenti. Fensir ne da gawayi da farar takarda. Mukan ajiye tulu ko ƙwarya ko fitilar ƙwai a bisa tebur, mu ce a zana. Kowane yaro ya san tulu tun yana goye, saboda haka sai ya duƙufa ya zana tulun da ke cikin kansa, ya yi masa baki da'ira cif. Sai mu ce ya ɗaga kai ya duba. Daga inda yake zaune bakin tulun nan ba da'ira ba ne, ya baje kamar ƙwai a kwance. Mu koya masa ya miƙe hannu da fensir, ya rufe ido ɗaya, ya auna tsawon tulun da faɗinsa, ya lura da inda haske ya faɗa da inda inuwa ta kwanta. Wani yaron sai ya yi mako uku kafin ya yarda da idonsa. Ran da ya yarda kuwa, malamin ilmin halittu ma sai ya gani a littafinsa, domin yaron ya daina zana furen da ya haddace, ya koma zana wanda aka ba shi a hannu. Haka abin yake wajen taswira da zanen gini.

Bayan wannan sai haɗa launi, yadda shuɗi da rawaya ke ba da kore, sai tsara haruffa da allon sanarwa, sai rinin yadi, sai aikin yumɓu. A ƙarshe akwai jarrabawar WAEC, wadda ke da ɓangaren rubutu da ɓangaren aikin hannu, kuma ba a cin ta da sa'a.

Wasu sun ɗauka wannan darasi kayan Turawa ne. Mu dai ku dubi babbar rigar da kuka sa ranar Salla ko ranar Kirsimeti. Wanda ya shata aska takwas a ƙirjinta kafin maɗinki ya sa allura, aikin da muke koyarwa ya yi. Haka wanda ya yi dagi a goshin zaure, da baduku mai rina fatar jar akuya da karan dafi, da mai zayyana a allo, da tsohuwar da ke jera launi a faifai ba tare da ta taɓa riƙe fensir ba. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim wajen shekarun 1830, da ido da ƙasa da azara ya yi aikin da masana gini ke zuwa kallo daga ƙasashen waje. Ku ciro takardar naira 20 ku juya bayanta. Matar da ke ginin tukunya a jiki Ladi Kwali ce, Bagwariya, wadda ta koyi sana'ar a gida. A 1954 ta shiga makarantar tukwane da Michael Cardew ya buɗe a Abuja ta da, watau Suleja, a 1977 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Mu ba wani abu muka ƙara a kan gadon nan ba illa awo da takarda da jarrabawa.

Akwai iyayen da damuwarsu ta addini ce, game da zana abu mai rai. Wannan ba magana ce da za mu yi wa dariya ba, kuma ba mu ne za mu yanke hukuncinta ba. Abin da muka ɗauki alkawari shi ne, yaron da iyayensa ba su yarda ba, ba za a tilasta masa zana mutum ko dabba ba. Tulu da itace da gini da haruffa da adon yadi sun ishe shi aikin shekara uku. Ku dai sanar da mu tun farkon zango.

Batun abin yi kuwa, ba za mu ce muku kowane yaro zai yi arziki da burushi ba, domin ƙarya ce. Amma allon shago da katin biki da tambarin buhu da hotunan littafin firamare, duk hannu ne ke tsara su, yanzu ma galibi da kwamfuta, ita kuwa kwamfuta ba ta ba mutum ido. Mai son ci gaba kuma, sashen zane na Zariya yana nan, inda su Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu suna ɗalibai a 1958.

Amma abin da ya fi damunmu ya fi wannan kusa da gida. Babu wanda ya manta da 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, saboda ana niƙa duwatsun zinariya cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Matar da ba ta karatu, ta yaya za a gaya mata kada a daka dutse inda ake daka hatsi? Takarda cike da rubutu ba ta amfane ta da komai. Hoton turmi irin nata, a tsakar gida irin tata, shi zai tsayar da ita ta duba. Baƙon da ya zo daga nesa zai zana turmin da ba namu ba. Muna so a samu 'ya'yan wannan ƙasa da za su iya wannan aiki, shi ya sa 'yan aji biyu na babbar sakandare ke yin allon gargaɗi a kan tsabtar ruwa da ƙurar ma'adinai. Saboda wannan dalili ne kuma muka hana yara ɗebo ƙasa ko yumɓu daga inda suka ga dama. Mu ke samo yumɓun daga wurin magina tukwane, nesa da inda ake haƙa ko wanke zinariya. Wanda ya ga jar ƙasa mai kyau a hanya, ya bar ta a wurin.

Ga roƙonmu na ƙarshe. Rashin zaman lafiya na shekarun nan ya kwaso mutane da yawa daga ƙauyuka zuwa cikin gari, cikinsu har da dattawa masu zanen ƙwarya da saƙar tabarma da ginin tukwane. Sun baro kayan aikinsu, 'ya'yansu kuma sun kama wata sana'a. Zanen da ke hannun tsohuwa ba ya cikin kowane littafi. In akwai irinsu a gidanku ko a unguwarku, ku yi mana iso. Za mu je mu ɗauko su, mu shimfiɗa musu tabarma a ɗakin zane, yara su zauna a gabansu da fensir, kuma ba za su koma hannu banza ba.

Kayan da yaro ke bukata a zangon farko ba su da yawa: fensir mai laushi guda 2, magogi, littafin zane 1, da tsohuwar riga da ba a jin tausayinta. Gawayi yana murhu, ƙaro kuwa yana kasuwa, da su za mu haɗa tawada kamar yadda almajirai ke yi. Ranar ba da kyaututtuka za mu kafa ayyukan yara a bangon ɗakin zane, da sunan kowa a ƙasan aikinsa. Ɗakin yana buɗe tun kafin a fara taro, ku biyo ta nan tukuna.