Kafin a tafi Hangari: abin da za a sa a jaka da abin da za a bari a gida

 A makon jiya wata maƙwabciyata a nan Keffi ta shigo mini da murna, ɗanta ya samu gurbin karatu a ƙasar Hangari. Kafin ta zauna ma ta lissafo mini guzurin da ta tanadar masa: kilishi, dambun nama da man shanu. Da na ce mata babu ko ɗaya da zai shiga ƙasar da shi, sai ta yi tagumi. Da na tambaye ta ko ya ga likita, ta ce ai lafiyarsa ƙalau, ganin likita na mene ne?

Ba ita kaɗai ba ce. Hangari ƙasa ce a tsakiyar Turai, babban birninta Budapest. Tun 2013 gwamnatinta ke ba ɗaliban waje tallafin karatu mai suna Stipendium Hungaricum, kuma 'yan Najeriya na cikin masu cin moriyarsa. Wasu kuma da kuɗin iyayensu suke karatun likita a biranen Debrecen, Szeged da Pécs, iyayen su bi su ziyara ko bikin yaye ɗalibai. Yawancin abin da zan faɗa ya shafi mai zuwa Jamus, Ostiriya ko Folan, domin duk suna cikin Tarayyar Turai.

Mu fara da takardu. Fasfon mai neman bizar ziyara dole ya kasance da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar da zai baro can, da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba. Bizar ba ta wuce kwana 90 a cikin kwana 180. Ana kuma buƙatar inshorar lafiya da za ta iya biyan Yuro 30,000. Kada ku ɗauke ta wata takardar cika sharaɗi kawai, kwana biyu a gadon asibitin Turai na iya cinye kuɗin tafiyar gaba ɗaya. Ɗalibi ya tambayi jami'arsa ranar da inshorar makaranta za ta fara aiki, kada a samu giɓi a makonnin farko.

Sai katin rigakafin shawara, wanda aka fi sani da yalo kad. Jami'an lafiya na filin jirgin Abuja kan neme shi. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, saboda haka ba abin da za a bari sai jajibirin tafiya ba ne. Daɗin abin, sau ɗaya ake yin ta a rayuwa.

Yanzu ga inda na fi so ku natsu. Wata guda kafin tafiya, a je asibiti, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi ko duk inda kuke da kati, a duba hawan jini, sukari da haƙori. Mai ciwon da yake shan magani kullum ya nemi likita ya rubuta masa takarda da Turanci, mai ɗauke da sunan ciwon da ainihin sunan maganin, ba sunan kamfani ba, domin sunayen kasuwa sun bambanta. A bar magani a kwalinsa na asali, a sa shi a jakar hannu, saboda babbar jaka kan yi ɓatan kai idan an sauya jirgi a Istanbul ko Frankfurt. Tiramadol da kodin magunguna ne da doka ta sa wa ido, ɗaukar su ba takardar likita neman fitina ne. A can kuma ba a shiga kemis a sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta haka kawai, sai da rubutun likita.

Zazzaɓin cizon sauro shi ne haɗarin da muke rainawa. Mutum zai iya barin Keffi da ƙwayar cutar a jininsa, ta kwanta, sai bayan mako biyu ko fiye ta tashi. Likitan Hangari ba kullum yake ganin maleriya ba, zai iya zaton mura ce, musamman da sanyi. Ku ja wa matafiyinku kunne: duk zazzaɓin da ya kama shi a watannin farko, ya je asibiti a ranar, ya faɗa da bakinsa cewa daga Najeriya ya zo, a gwada masa jini. Lambar neman agajin gaggawa a duk Tarayyar Turai ita ce 112, kuma kyauta ce.

Sanyin can ba hunturunmu ba ne. A watan Janairu ma'aunin zafi a Budapest kan sauka ƙasa da sifili, a Disamba kuma rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu na yamma. A tafi da suwaita, safa, safar hannu da hular sanyi, amma babbar rigar sanyi da takalmi gara a saya a can, nasu ya fi dacewa da yanayinsu. Mai sikila ko asma ya fi kowa buƙatar kiyayewa, domin sanyi da ƙarancin ruwa a jiki na tayar da ciwon. Ya yawaita shan ruwa tun daga cikin jirgi, ya riƙa tashi yana ɗan takawa. Na'urar ɗumama ɗaki na busar da fata, a nan man kaɗanya zai yi rana. Da bazara kuma, wanda ya shiga daji ko ciyawa ya duba jikinsa, kaskar yankin na ɗauke da cututtuka.

Mu koma kan guzurin maƙwabciyata. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi daga ƙasa irin tamu shiga da nama ko madara da duk abin da aka yi da su, komai bushewarsa. Za a ƙwace, wani lokaci har da tara. Ɗanyun 'ya'yan itatuwa da kayan lambu ma sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai, ban da 'yan kaɗan irin su dabino, ayaba, abarba da kwakwa. Busasshen kifi an yarda da shi har kilo 20, zuma har kilo 2. Kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji da garin kunu galibi suna wucewa, in an ɗaure su da kyau an rubuta sunansu. In kuna shakka, ku nuna wa jami'in kwastan da kanku, matambayi ba ya ɓata. Kada kuma a karɓi saƙon kowa a ƙulle, ko da na ɗan uwa ne.

A can kuwa, naman alade da kitsensa sun yawaita a girkinsu. Kalmar da za a haddace ita ce sertés, wato alade. Akwai shagunan halal na Turkawa da Larabawa a Budapest da garuruwan jami'o'i. Ruwan famfonsu ana sha.

Ƙananan abubuwa uku da kan ba baƙo kunya: kuɗin Hangari forint ne, ba Yuro ba, kuma wanda ya shiga da tsabar kuɗi Yuro 10,000 ko fiye dole ya bayyana. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, cajar wayarmu mai ƙafa uku ba za ta shiga ba sai da adafta, a saye ta tun a gida. Tikitin bas da jirgin ƙasa na cikin gari kuma sai an saka shi a na'ura ta buga masa shaida, in ba haka ba tara ce, ba a roƙo.

Ranar tafiya a bar Keffi da wuri. Kowa ya san cunkoson Masaka, Mararaba da Nyanya, filin jirgin kuma yana ɗaya gefen Abuja. A ɗauki hoton fasfo, biza, inshora da takardar likita a waya, a bar kwafi a gida.

Maƙwabciyata dai ta haƙura, kilishin za a ci shi a walimar sallama, yaron kuma ya karɓi ranar ganin likita. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya. Sai mako mai zuwa.