Kada Kuɗi Su Zaɓa Wa Majinyaci Sunan Cutarsa

Duk ɗan Potiskum da fataucin shanu ko neman abinci ya kai shi Agege a Legas, ko Sabo ta Ibadan, ko Fatakwal, ya san nauyin saƙon nan da ke cewa tsoho ya kwanta. Yawancin irin waɗannan tsofaffi a gida ake jinyarsu. Ma'aikacin lafiya ya zo ya duba, ya yi allura ko ya ɗaura ruwa, sa'an nan ya rubuta sunan cutar a littafi. Ɗan da ke Kudu kuwa, nasa shi ne aiko da kuɗi. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, sunan nan da aka rubuta yana iya sauyawa bisa ga yadda ake biyan mai rubuta shi.

An riga an ga haka a Amurka. Shirin gwamnatinsu mai suna Medicare, wanda ke ɗaukar nauyin jinyar tsofaffi, ya fara tun watan Oktoba na 2000 yana biyan kamfanonin da ke jinya a gida kuɗi dunƙule na kwana 60, kuma kuɗin na ƙaruwa idan ziyarar masu motsa wa majinyaci gaɓoɓi ta kai wani adadi. Nan da nan sai aka ga yawan ziyarar yana taruwa daidai inda kuɗi ke ƙaruwa. Daga 1 ga Janairu 2020 aka sake tsari: aka koma biyan kwana 30, aka kasa majinyata rukuni 432, babbar cutar da aka rubuta kuma ta shiga cikin abubuwan da ke yanke yawan kuɗi. Gwamnatin da kanta ta ɗauka cewa kamfanoni za su riƙa gabatar da cutar da ta fi tsoka, su kuma jero ƙananan cututtuka a bayanta, saboda haka tun kafin a fara ta zabtare kashi 4.36 cikin ɗari. Watau ita ma ta san alƙalami kan bi inda kuɗi suke.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Nijeriya ta kafa dokar inshorar lafiya a 1999, aka fara aiki da ita a 2005. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ƙananan asibitoci, dokar watan Mayu na 2022 kuma ta wajabta inshora a kan kowa. Jihar Yobe tana da tata hukumar ta taimakekeniya, YSCHMA. A 2018 an ƙaddamar da shirin CHIPS, mai tura ma'aikata gida gida. Sannu a hankali kuɗin jinya suna komawa hannun hukuma, ita kuwa hukuma ba ta ganin majinyaci, takarda take gani.

Hanya biyu ake biya, kowace da raminta. Inda ake biyan kuɗi a kan kowane aiki, akwai kwaɗayin kumbura cuta, har zazzaɓin kwana biyu ya zama zazzaɓin cizon sauro mai tsanani haɗe da taifot, domin a sami dalilin allura da ƙarin ruwa. Inda kuma ake ba asibiti kuɗi ƙayyadaddu duk wata a kan kowane mai rajista, ko ya zo ko bai zo ba, akwai kwaɗayin rage wahala: a rubuta hawan jini ko ciwon sukari a matsayin ciwon kai, ko a tsananta sunan cutar domin a tura mai ita babban asibiti a huta. Jinyar gida ta fi kowace haɗari a wannan fanni, gama a cikin ɗaki babu likita na biyu, babu ɗakin gwaji, babu shaida sai iyali waɗanda sau da yawa ba su iya karanta abin da aka rubuta ba.

Hasarar ba ta tsaya ga mutum ɗaya ba. Tsohon da aka yi ta yi wa maganin sauro alhali jininsa ne ya hau, wata rana sai a wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye. Alƙaluman da aka cika a Potiskum kuwa su ne ke tafiya Damaturu, daga can su wuce Abuja, kuma da su ake tsara sayen magani. Jihar da ta daɗe tana fama da ciwon ƙoda a yankin Gashuwa ba ta da halin yin wasa da lissafin hawan jini da ciwon sukari, tun da su ne manyan ƙofofin wannan cuta.

Adalci ne a faɗa cewa yawancin ma'aikatan lafiya masu amana ne, kuma jinkirin biyan haƙƙi shi ne babban abin da ke tura mutum ga gyaran takarda. Saboda haka wannan jarida tana kira ga hukumomi da su riƙa biya a kan lokaci. Su hana biyan kuɗin maganin zazzaɓin cizon sauro sai da shaidar gwajin jini, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2010. Su horar da masu ajiye bayanai. Su kuma naɗa masu bincike da za su riƙa shiga gidaje suna gwada abin da ke littafi da wanda ke kwance.

'Yan Arewa mazauna Kudu su ma da nasu aikin. Kamata ya yi kowane ya yi wa iyayensa rajista, ya kuma nemi a riƙa ba iyali takarda mai sunan cuta, da gwajin da aka yi, da maganin da aka bayar. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su riƙa tuna wa jama'arsu wannan a wuraren taro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Lalle ne a gyara tsarin tun yana sabo, domin sunan da ke cikin littafi ya zama shi ne ciwon da ke jikin talaka.